Farar riga ta fito a tele, amma ba a ji muryar mai ita ba

Wani dare muna fada bayan isha'i, shayi na biyu yana kan gawayi, sai labaran dare suka kawo rahoto daga wani ɗakin binciken ƙwayoyin cuta a nan Yamai. An kawo sababbin na'urori, kyautar wasu abokan hulɗa daga waje. Muka ga motoci sun jeru, babban baƙo ya yanka ƙyalle, wakilin masu kyauta ya karanta takardarsa, babban baƙo shi ma ya karanta tasa, aka tafa. Can wajen ƙarshe kyamara ta leƙa cikin ɗakin. Wata mata ce da farar riga da safar hannu, ta duƙa tana ɗiga wani ruwa cikin 'yan kwalabe da ba su kai kan ɗan yatsa ba. Ba ta yi daƙiƙa biyar a kan allo ba. Ba a faɗi sunanta ba, ba a tambaye ta komai ba. Mai rahoto ya rufe da cewa kayan za su ƙarfafa ƙwarewar ma'aikata, wato dai jimlar nan da ake rufe kowane rahoto da ita, na rijiyar burtsatse ne ko na buhunan taki.

Alhaji mai sayar da kayan gyaran babur yana zaune kusa da ni. Ya juyo ya ce, "Mushe, wai su waɗannan me suke yi ne a ciki? Kullum a nuno su suna ɗige-ɗige."

Ni malamin kimiyyar halittu ne a lise, don haka duk tambayar da ta shafi jini ko ƙwayar cuta kaina take faɗowa a fadarmu. Amma wannan tambayar ta tsaya mini a rai, saboda wanda ya yi ta. Alhaji ba ya rabuwa da rediyo. Ya san ministocin da aka yi a ƙasar nan tun zamanin Kunce. In ana kokowar takobi zai gaya maka wanda Issaka Issaka ya kayar a wace shekara da irin kamun da ya yi masa. Duk wannan a rediyo da tele ya same shi. Mutumin da ya riƙe wannan ba kai ne ba shi da shi ba. In bai san abin da ake yi a labo ba, to ba a taɓa gaya masa ba ne. Ra'ayina ke nan a taƙaice: 'yan jaridarmu suna zuwa ɗakunan binciken nan, suna ɗauko bikin, suna baro labarin a can. Kuma wannan sakaci ba ƙaramin abu ba ne, domin ranar annoba muke biyan kuɗinsa.

Bari in koma 2015. Duk wanda ke Yamai a bazarar wannan shekarar ya tuna. Sankarau ya shigo gari, a watan Afrilu gwamnati ta rufe makarantun birnin na 'yan kwanaki, iyaye suka yi ta layi a kantunan magani suna neman allura. Kafin abin ya lafa an ƙirga mutum wajen 8,500 da suka kamu a faɗin ƙasa, fiye da 570 suka rasu. Ɗan yayata, yaro mai shekara tara, yana cikin waɗanda suka kwanta. Da yamma ya ce kansa na ciwo, kafin asuba wuya ya ƙage, ba ya son ganin haske. Muka kai shi likita. Majo ya ce sai an ɗebi ruwan baya. Yayata ta riƙe hannuna ta ja ni gefe, ta ce, "Kai da ka yi boko, gaya mini gaskiya. An ce in suka ɗebi ruwan nan yaro ba ya ƙara tafiya. Kuma ina suke kai shi? Kuma ba an yi masa allurar sankarau ba shekarun baya? Ashe ta banza ce?"

Tambaya uku, kuma ko wace ɗaya tana da amsa mai sauƙi wadda za ta shiga cikin shirin rediyo na minti goma. Na amsa mata a tsaye, a bakin ƙofa, yaro yana nishi a ciki. Ba lokacin koyar da darasi ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ta yarda dai, don ni ƙanenta ne, ba don ta gamsu ba. Yaron ya tashi, sai dai kunnensa na hagu ya yi nauyi har yau.

Amsar tambayarta ta ƙarshe ita ce gaba ɗayan dalilin da ya sa ake da waɗannan ɗakunan. Ƙwayar da ke kawo annobar sankarau iri-iri ce, likitoci suna kiran su da haruffa: A, C, W, X, Y. Allurar da ta san wani iri ba lallai ta san ɗan uwansa ba. Shekara da shekaru irin A ne ke yi mana kisa a wannan yankin, shi ne ya yi ɓarnar 1996, lokacin da mutum fiye da 250,000 suka kamu a Afirka, wajen 25,000 suka mutu. A ƙarshen 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, ga 'yan shekara 1 zuwa 29, kuma ta yi aikinta, irin A ya kusa ɓacewa kwata-kwata. Wanda ya zo mana a 2015 irin C ne, wani sabon reshe da aka fara gani a arewa maso yammacin Najeriya a 2013. Allurar da aka yi wa ɗan yayata ba ta banza ba ce. An kulle ƙofar gaba ne, ɓarawo ya hauro ta katanga.

To wa ya gane cewa C ne ba A ba? Da ido ba a ganewa. Wuyan da ya ƙage duk ɗaya ne. Mutanen da ke ɗige-ɗigen nan su suka gane, a CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke nan Yamai, wadda ke cikin ƙungiyar cibiyoyin Pasteur na duniya, wadda kuma tsohon sunanta ma sankarau da tsargiya ya ambata. Wannan ruwan bayan da yayata ke tsoro, irinsa ake zubawa a ɗan bututu, a rubuta lamba, a sa a firiji, a ɗora a akwatin ƙanƙara, ya biyo mota daga Dogon Dutsi ko Madawa ko Magariya har ya iso hannunsu. In ni ne mai kyamara, wannan bututun zan bi. In fara daga hannun majo a ƙauye, in nuna firijin da ke aiki da hasken rana, in nuna direban da ya ɗauko, in nuna rajistar da ake rubutawa, har zuwa ranar da sakamako ya fito aka ce ga irin allurar da za a nemo. Wannan tafiyar ta fi yankan ƙyalle daɗin kallo nesa ba kusa ba.

Akwai ma abin alfahari a ciki wanda ban taɓa jin an faɗa da Hausa ba. A da, kafin a gane irin ƙwayar sai an rene ta a labo, wato sai ta iso da ranta. Ita kuwa ƙwayar sankarau, duk da kisan da take yi, raguwa ce a wajen jiki. 'Yan awoyi cikin zafinmu sun ishe ta mutuwa. Saboda haka abin da ke faruwa a ƙauyuka masu nisa ba a cika sanin ainihinsa ba. Tun wajen 2002 masu binciken CERMES suka fara amfani da dabarar PCR wajen sa ido kan sankarau, dabarar da ba ruwanta da ko ƙwayar tana da rai ko ta mutu, tunda rubutun gadonta take karantawa. Suka buga sakamakon a mujallar kimiyya ta duniya a 2003, kuma sunan da ke kan gaba a wannan takarda na 'yar ƙasar nan ne, Fati Sidikou. Ita ce kuma a kan gaba a takardar da ta yi bayanin annobar 2015. Da irin wannan sa idon aka gane a 2006 cewa irin X, wanda duniya ba ta ɗauke shi bakin komai ba kuma babu allurarsa a lokacin, shi ke kwantar da mutane a Yamai. Allurar nan mai haɗa iri biyar, har da X, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2023, Najeriya ta fara yin ta a 2024, ba daga sama ta faɗo ba. Hujjar cewa ana bukatarta an tara ta ne bututu bayan bututu, kuma wani kaso na bututun daga ƙauyukanmu ya fito. Ka tsaya a Babbar Kasuwa ka tambayi mutum ɗari ko sun san wannan.

Za a ce ai abin yana da wuyar bayani. Ban yarda ba, don na gwada. A daren nan na ce wa Alhaji: kowace halitta, mutum ne ko gero ko ƙwayar cuta, tana ɗauke da wata doguwar wasiƙa a cikin jikinta, rubutacciya da haruffa huɗu kacal, ita ce 'yan boko ke kira ADN ko DNA. Wasiƙar irin C tana da wani layi da ba ya cikin ta irin A, kamar yadda kowane makiyayi ke da shaidar da yake sa wa raƙumansa. Matsalar ita ce a cikin ɗigon ruwan baya layin ya yi kaɗan, ba ya ganuwa. Sai a sa shi a na'ura mai aikin mai fotokwafi. Ta zafafa shi kusan tafasa, ta sanyaya, ta ɗan ƙara zafi, layi ɗaya ya zama biyu. Ta sake, ya zama huɗu. Takwas, sha shida. In ta zagaya sau 30 an wuce biliyan ɗaya, a lokacin ko makaho ya shafa ya ji. In layin ba ya nan tun farko, komai zagayen ba abin da zai fito. Wani Ba'amurke mai suna Kary Mullis ne ya ƙirƙiro dabarar a 1983, aka ba shi kyautar Nobel a 1993. Sinadarin da ke yin kwafin kuwa, wanda ba ya lalacewa a wannan zafin, daga jikin wata ƙwaya aka samo shi da ke rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi a Amurka, irin ruwan nan namu na Tafadek a Agadas. Kafin shayi na uku ya nuna Alhaji ya gane. Bai yi lakwal ba. In ni da ke fama da alli na iya, ɗan jaridar da aikinsa ke nan ya fi ni iyawa, in ya so.

Me ya hana? Ba zan yi kamar ban sani ba, ina da abokai a cikinsu. Ɗan jarida a gidan rediyo mai zaman kansa yakan yi wata biyu, uku, bai ga albashi ba. Da safe a ba shi wurare huɗu: buɗe taro a wannan otal, rufe taro a wancan, miƙa kyauta, ziyarar babban baƙo. A kowane wuri akwai takardar da ake sa hannu a karɓi kuɗin taksi, jika biyar ko abin da ya samu. Wanda ya shirya taro shi ya gayyato, shi ya biya kuɗin ɗaukar hoto, don haka shi za a nuna. Ita mai farar riga ba ta da ambulan. In yaron nan ya ce zai kwana biyu yana bin bututu daga Tawa zuwa Yamai, wa zai zuba masa mai? Wannan gaskiya ce, kuma duk mai zagin 'yan jarida bai ambace ta ba bai yi adalci ba. Amma ba ta wanke shugabannin gidajen ba. Gidan da ke da awa biyu kowane dare na mahawarar siyasa, inda mutum huɗu ke ta da jijiyar wuya a kan abin da suka faɗa jiya, bai rasa rabin awa a mako ba. Zaɓi ne aka yi.

Sai maganar harshe, wadda ta fi ci mini rai. Rahoton da Faransanci ake rubuta shi, don manyan labaran dare. Daga baya a miƙa wa mai fassara ya taƙaita da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. Shi kuma in ya ci karo da kalmar da ta fi ƙarfinsa sai ya ce "binciken kimiyya" ya wuce. To a nan ne labarin ke mutuwa, daidai wurin da mafi yawan jama'a ke sauraro. A 2025 kundin sabunta ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Madalla. Amma harshe ba ya girma da takarda, sai an sa shi aiki mai nauyi. Hausar da ta raɗa wa cututtuka suna tun kafin zuwan Nasara, sankarau da tsargiya da mashaƙo da shan inna, ba za ta gaza ba a ƙofar labo. Hanyar ma a buɗe take. Studio Kalangou tun 2016 yake watsa shiri da harsuna biyar ta gidajen rediyon karkara. Abin da ya rage shi ne a samu masu zama da masanan nan su sassaƙa kalmomin tare, a yi ta maimaita su har kunne ya saba, kamar yadda ya saba da kalmomin ƙwallo.

Su ma masu farar rigar ba zan ƙyale su ba. Da yawansu in suka ga makirfo kamar sun ga maciji. Wani zai ce sai da izinin shugaba, shugaba ya ce sai da izinin ma'aikata, kafin izini ya sauko labari ya tsufa. Wani kuma in ya buɗe baki sai ya yi maka lacca irin ta ɗakin jami'a, kalma kan kalma, kamar yana tsoron kada abokan aikinsa su ce ya yi araha. Na fahimci tsoronsu. An sha yanke maganar mutum a juya ta, ya ce "mai yiwuwa" a wayi gari an buga "tabbas". Amma ruwan bayan da suke aiki da shi daga jikin 'ya'yan talakawa ya fito. Uwar da ta yarda aka soka wa ɗanta allura a gadon baya tana da hakkin ta ji abin da aka gano, da harshen da take ji. Takardar da aka buga da Ingilishi a Landan ba ta biya wannan bashin ba.

Mun ga abin da shirun ke haifarwa. Ranar 19 ga Maris 2020 aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar. Dare ɗaya kalmar PCR ta shiga bakin kowa, kullum da yamma a karanto adadi: an gwada kaza, kaza sun kamu. Wa ya gwada, ta yaya, me ya sa mutum yana tafiya da ƙafarsa garau a ce yana da ita? Ba a shirya kunnen jama'a ba tun da wuri, sai WhatsApp ya ɗauki aikin. Muryoyi suka yi ta yawo: na'urar tun daga Turai aka saita ta, ana ƙara adadi ne don a karɓo kuɗi, tsinken hancin ne ma ke sa cutar. A watan Afrilu, gab da azumi, unguwanni a Yamai suka yi ta ƙone-ƙonen taya a kan dokar hana fita da hana sallar jam'i. Ba na cewa rahoton kimiyya zai hana wannan, dalilan sun fi haka yawa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutumin da bai taɓa jin muryarka ba sai ranar da ka zo rufe masa masallaci, da wuya ya yarda da lissafinka.

Kuma kada wani ɗan boko ya ce jahilci ne kawai. Zargin yana da tushe. A 1996, ana tsakiyar annobar sankarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, cikin yara wajen 200 da aka sa a gwajin 11 suka mutu, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan labarin ya tsallako iyaka tun tuni, yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a Kano a 2003. A nan gida ma, a 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa jabun allurar sankarau na yawo a Nijar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Maganin wannan ba a ce wa mutane su yi shiru su yarda ba ne. A buɗe musu ƙofa ne su ga cewa mai riƙe da bututun 'yar unguwarsu ce, ta yi karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, 'ya'yanta suna lakwal ɗaya da nasu, kuma akwai kwamitin da ke duba kowane bincike kafin a taɓa jikin mutum. In akwai inda ake kauce wa ƙa'ida, ɗan jaridar da ya san hanyar ɗakin shi zai fara gani. Wanda ke zuwa ranar biki kaɗai ba zai taɓa gani ba.

A nan sai in ja birki, don kada a ɗauka kirari nake nema wa masana. Kirari ma wata cuta ce, kuma muna da ita. Lokaci lokaci za ka ji an ce wani ɗan ƙasa ya gano maganin ciwon suga, ko na sikila, ko na ƙanjamau. A zaunar da shi awa guda, a jera kwalabe a kan tebur, mai gabatarwa yana ta jinjina, duk wanda ya yi tambaya a ce ba ya kishin ƙasa ko yaron Turawa ne. Mun ga yadda aka yi da ruwan tazargaden Madagaska da aka ce yana maganin korona a 2020, ƙasashe suka yi ta aika jirgi, daga baya aka yi tsit. A kan mutum nawa aka gwada? Da me aka kwatanta? Wa ya duba aikin banda mai shi? Waɗannan tambayoyin ba cin fuska ba ne. Masanin gaskiya yana jin daɗinsu, don su yake yi wa kansa kullum. Mai kwalaben ne ke fushi. Rahoton da ke yabon na'ura ba tare da tambaya ba da rahoton da ke yabon kwalba ba tare da tambaya ba uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Ga kuwa tambayoyi birjik a ƙofar kowane labo. Sinadaran PCR sai a sanyin 20 ƙasa da sifiri suke zama, wasu samfuran sai 80, a garin da zafi ke haura 45 a watan Afrilu da Mayu. Bayan Yulin 2023, da Najeriya ta yanke wutar da ke ba mu mafi yawan lantarkinmu, aka kuma rufe iyakar Benin inda kayanmu ke biyowa daga Kwatano, yaya firijin nan suka kwana? Na'urar da aka yanka wa ƙyalle bara tana aiki, ko an lulluɓe ta da leda ana jiran sinadari? In ta lalace wa ke gyarawa, daga wace ƙasa zai zo? Cikin kuɗin da ake bincike da su nawa ne daga baitulmalin ƙasa, nawa ne daga waje, kuma mai ba da kuɗin shi ke zaɓen cutar da za a bincika? Ƙasashen Afirka sun daɗe da yi wa kansu alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikinsu don bincike. Ina muka kwana? A 2016, da zazzaɓin Rift ya ɓulla a Cintabaradan da Tasara a jihar Tawa, dabbobi suna ɓari, makiyaya suna mutuwa, ga bikin Cure Salée na Ingal ya ƙarato, sai da aka kai samfur cibiyar Pasteur ta Dakar kafin a tabbatar. Wajen mutum 30 suka rasu. Yau in irin wannan ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, a ina za a tabbatar, cikin kwana nawa? Makiyayin Abalak ya fi kowa bukatar wannan amsar.

Ba ma lafiyar mutum kaɗai ba. Irin wannan ilimin ake aiki da shi a LABOCEL wajen cututtukan dabbobi, da INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, da tashar ICRISAT ta Sadore a kudu da Yamai inda ake adana irin gero kala-kala. A 2017 masana suka karanta wasiƙar gadon gero gaba ɗayanta, suna neman sirrin da ya sa yake jure zafin da ke kashe sauran hatsi. Gero fa, abin da muke ci safe da dare. A ƙasar fura da tuwo wannan ya isa a kwana ana hira a kansa a kowace tasha.

Na ga yadda maƙwabta ke yi da nasu. Da ɗakin binciken Christian Happi a Ede ya karanta gadon ƙwayar korona a Maris 2020, karo na farko a Afirka, jaridun Najeriya sun san sunansa. Da Sikhulile Moyo a Botsuwana da Tulio de Oliveira a Afirka ta Kudu suka gano Omicron, wani sabon reshen korona, a Nuwamban 2021, ladan da duniya ta ba su shi ne rufe wa ƙasashensu hanyar jirgi, wasu jaridun Turai suna magana kamar can aka ƙera cutar. Amma aƙalla mutanen nan sun fito, sun yi magana da bakinsu, jama'arsu sun san fuskarsu, sun tsaya musu. Mu in baƙon ɗan jarida ya zo, abin da yake ɗauka shi ne yaro kwance da ƙuda a fuska da Bature likita a kansa. Ba na ganin laifinsa sosai, abin da masu kallonsa suka saba gani yake kai musu. Namu na gida da ke bin wannan titin kullum su ne ba su da hanzari.

A ajina akwai 'yan mata masu kai kamar wuƙa. In na tambaye su abin da suke so su zama, likita ko ungozoma suke cewa, don su suka taɓa gani. Ba wadda ta taɓa ce mini tana son ta zama mai binciken ƙwayoyin gado. Ta ina za ta sani? Matar da za ta yi koyi da ita an nuna ta daƙiƙa biyar, ta baya, ba suna.

Daren nan da na gama yi wa Alhaji bayanin fotokwafi, ya yi shiru yana juya ɗan kofinsa. Can ya ce, "To Mushe, na ji. Ka ce na'urar sai ta zagaya sau talatin. In tana na sha biyar aka ɗauke wuta fa?"

Na ce akwai janareto.

Ya ce, "Wa ke sayen gazuwal?"